Zaren da Ke Cikin Gwangwanin Gahawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar dakan turaren bikin Sakina ba, kuma ko na so in manta, matan ƙauyenmu ba za su bar ni ba. Har yau in wata ta tsinci guntun zare a tsakar gida sai ta ɗaga shi sama ta ce, “A kai mata ta duba mana, kada a je asiri ne.” Su kwashe da dariya, ni ma in yi yaƙe in bi su. Ya na iya? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Bari in fara da Batula, don in ba ku san Batula ba, ba za ku gane girman wautar da na tafka ba. Aminiyata ce tun muna ’yan mata muna bin iyayenmu tsinkar auduga. Ƙauyenmu yana kusa da Wad Haddad, a bakin tur’a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki. Shekara guda aka yi mana aure, kuma Allah ya sa katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Katangar ma ta zube ta gefe ɗaya tun wata damina, ba wanda ya damu ya gyara, don nan ta zame mana ƙofa. Kullum in maza sun tafi gona, mun gama karin kumallo, sai in tsallaka rumfar Batula mu yi jabana, wato zaman shan gahawa. Ita ke soya gahawar a kan gawayi, ni ke dakawa da citta. Mu sha, mu yi ta hira har azahar, mu yi salla tare, sannan kowa ta kama gabanta.

Jabana kuwa tana da ƙa’ida. Tafasar farko, wadda muke ce wa bikir, ita ce mai ƙarfi, ita ce mai daraja. Ta biyu da sauƙi-sauƙi, ta uku kuwa sunan gahawa kawai gare ta. To finjalin farko na bikir a rumfar Batula nawa ne. Ba a rubuta ba, ba a faɗa ba, amma shekara goma sha takwas hannunta bai taɓa kuskure ba. (Ko surukarta ce zaune, sai ta yi dabarar da za ta fara miƙo min, ta ce wai in ɗanɗana mata sukari.)

Sai dai ni ina da wani hali, kuma a lokacin ban san hali ne mai lokaci ba. Kowane wata akwai wasu kwanaki, wajen goma, da nake komawa wata mace daban. Ciki ya kumbura, ƙirji ya yi nauyi, barci ya ƙi daɗi, in yi ta cin dabino kamar an aiko ni. Amma wannan duk wasa ne a kan abin da ke faruwa a zuciya. Kisra, wainar dawarmu mai faɗi kamar takarda, ta yage min a kan kasko sai in zauna in yi kuka kamar an aiko min da rasuwa. Maigida ya ce, “Miyar yau ta yi daɗi,” in ce, “Ta jiya ba ta yi ba ke nan, sai yau ka samu bakin faɗa.” Bawan Allah ya ajiye cokali ya fita. Kuma ba na ganin ni ce na canza, a’a, gani nake kowa ne ya tashi da niyyar cin mutuncina. Akwai ranakun da abin ke wuce faɗa ya koma wani duhu, in tsaya bakin tur’a da wanki a hannu ina jin da ma babu ni, kowa ya huta. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bayan ’yan kwanaki kuma sai abin ya sauka kamar an sauke min kaya, in soya fanken da muke ce wa zalabiya in bi gida-gida ina ba da haƙuri.

Surukata, Gwaggo Hauwa, ta ce iska ce. Ta karɓo min rubutu na sha, ta karɓo hayaƙi na shaƙa har na yi tari na mako guda. Batula ce kaɗai ta taɓa cewa, “Ƙawa, kin lura kuwa, duk in al’adarki ta kusa…” Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, “Au, ƙirga min kwanaki kike yi? Ke ce ungozomata?” Kwana biyar ban tsallaka katanga ba. Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba.

Ana nan sai aka turo mana sabuwar ma’aikaciyar jinya ɗakin shan maganin ƙauye, Sista Ihlas. Bahaushiya ce ’yar Hasahisa, amma Hausarta rabi Larabci ce, in ta ce “ina kwana” sai ta bi shi da “kef al-hal” kamar ba ta yarda ɗaya ya isa ba. Doguwa, mai fara’a, ga haƙora farare tas. Tana da wani tob, wato dogon mayafi, ruwan toka mai ɗigon fari da take yawan yafawa, wanda na gaya wa Batula ya yi kama da labulen asibiti. (Ƙarya nake. Kyau ya yi min har na tambayi irinsa a kasuwar Wad Haddad, aka ce sai birnin Madani.) Ɗakin da aka ba ta yana bayan gidan Batula, don haka ba a yi mako biyu ba ta fara leƙowa lokacin jabana.

Da farko ban damu ba, baƙo raɓa ne. Amma raɓar nan sai ta ƙi bushewa. In tsallako da turmina in tarar Sista ta riga ni, tana zaune a kan kujerar da nake zama. In shigo suna magana ƙasa-ƙasa, da sun gan ni su yi tsit, Batula ta ce, “Zancen tsadar albasa muke.” Albasa! Wace albasa ce ake yi wa raɗa? Wata rana na leƙa ta katanga na ga Batula ta fito da wani abu daga ɗaki tana nuna wa Sista, sun haɗa kai suna dubawa, da ta ji motsina ta cusa shi cikin zani. Na koma ɗaki na zauna bakin gado zuciyata na tafasa. Ni da na riƙe wa Batula kai a haihuwarta huɗu, yau ni ake ɓoye wa abu a zani?

Kishi dai, in gaya muku gaskiya, ba sai a kan namiji ake yin sa ba. Ban taɓa yin kishin maigidana kamar yadda na yi kishin Batula ba. Na fara lissafin sau nawa ta yi dariya a zancena, sau nawa ta yi a na Sista. Na fara kai mata miya ba dalili, don kawai in ga wa ke ciki. A kwanakin da nake lafiya nakan ce wa kaina, “Haba ke kuwa, da girmanki,” abin ya lafa. In waɗancan kwanakin suka zagayo kuwa, sai in ga komai a fili: an ƙwace min aminiya, kuma da gangan aka yi.

Wata uku ana haka, sai bikin Sakina, ƙanwar Batula, ya taso. A wurinmu kafin biki akwai ranar dakan turare, ranar da mata ke taruwa a daka sandal da ƙanumfari da farce a haɗa wa amarya humra da turaren wuta. A gidan Batula aka yi. Tun da hantsi tsakar gida ta cika, mata sun fi arba’in, har da dangin ango da suka zo daga Mai Wurno cikin mota guda, tsofaffi masu ido kamar na shaho. Ana kiɗa, ana guɗa, turame uku na tashi, ƙamshi har bakin tur’a.

Ni kuwa na tashi ranar da ƙafar hagu. Tun asuba na yi faɗa da maigida a kan ya ajiye buta inda ba nan take ba. Na sa farin tob ɗina na fita kunya, na tsallaka katanga ina cika ina batsewa. Aka yi jabanar farko ta manyan baƙi. Ina zaune a wurina na kullum, na ma gyara hannu. Batula ta zuba bikir, ta ɗago finjalin farko, ta wuce ni, ta miƙa wa Sista Ihlas.

Jama’a, na ga finjalin nan yana wucewa ta gaban hancina. Har tururinsa na ji a fuska. (Daga baya na ji cewa Sista ta kwana wurin mai naƙuda ne, ko karyawa ba ta yi ba, Batula ta tausaya mata. Amma a lokacin ko mala’ika ne ya sauko ya gaya min haka, sai na ce da shi aka haɗa baki.) Aka miƙo min na biyu, na ce na ƙoshi. Batula ta dube ni, ta dubi Sista, Sista ta ɗan gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan shi ya ƙarasa ni.

Can an jima gahawa ta ƙare, Batula hannunta duk sandal, ta ce, “Ƙawa, don Allah shiga ɗaki ki ɗebo mana a gwangwanin nan na kan kanta.” Na shiga ina ƙunƙuni, wai ni ce ’yar aike, wata ce ’yar shan bikir. Na buɗe gwangwanin na zura hannu, sai na ji wani abu a ƙarƙashin ’ya’yan gahawar. Na jawo. Zaren auduga ne dogo, an ƙulle shi ƙulli-ƙulli tun daga sama har ƙasa, sun kusa ɗari. Wasu ƙullin farare, wasu an cusa musu baƙin zare, wasu ja. A kansa kuma an ɗaure wani ƙyalle kore mai furanni. Na san ƙyallen nan kamar yunwar cikina, guntun tsohon ɗankwalina ne da na bari a rumfar muna sauke tukunya da shi.

Innalillahi! Na yar da shi ƙasa. Zare mai ƙulli, da ƙyallen kaina, a cikin gahawar da nake sha kullum! Ai ko yaron goye ya san mene ne wannan. Nan take komai ya haɗu a kaina: raɗar nan, abin da aka cusa a zani, finjalin da ya wuce ni. Sista ce. Ita ta kawo, ta sa Batula ta ɓoye, don a raba mu. Kuma abin ya ci, tunda ga shi na gani da idona yau.

Mai hankali da sai ta kira aminiyarta gefe. Ni kuwa na ɗauko awartakin gawayi (don kada in taɓa da hannu, kun ga ai da sauran dabara), na ɗago zaren, na fito tsakar gida ina karanta Falaƙi da Nasi da ƙarfi. Na tsaya tsakiyar turame na ce, “A tsaya! A tsaya da kiɗan nan!”

Taɓare suka tsaya a sama.

Na ce, “Ku gani da idonku! Ga abin da baƙuwar da muka karɓa hannu bibbiyu ta shuka mana a gida. Ke Sista, allura aka turo ki ki yi ko ƙulli? Me na tsare miki? Duk matan garin nan ba ki ga wadda za ki raba ni da ita ba sai Batula?”

Sista ta dafe ƙirji ta ce, “Sajami! Ni?”

Na ce, “Ke fa! Ke kuma Batula, kin ba ni kunya. Shekara talatin muna tare, mace ta zo jiya ta mai da ke raƙumi da akala, har ki bari a sa min abu a gahawa?”

Tsofaffin Mai Wurno suka fara ja da baya suna salati. Amarya ta leƙo daga ɗaki da lalle a ƙafa. Ni kuwa ina tsaye da awartaki a sama, zare na lilo, wallahi a lokacin ji nake kamar na kama ɓarawo a kasuwa.

Batula ta tashi a hankali, ta goge hannu a zaninta, ta zo ta cire zaren daga awartakin da hannunta tsirara. Mata suka ce “Wai!” Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

Ta ce, “Ni na ƙulla shi. Sista ba ta taɓa shi ba. Hidimar biki ce ta sa na manta a gwangwanin na ɓoye shi. Na so in nuna miki mu biyu bayan biki, ranar da kike cikin hankalinki. Amma tunda kin tara jama’a, to ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.”

Ta ɗaga zaren yadda kowa zai gani. Ta ce ta je wurin Sista ne tun watanni uku da suka wuce, ta gaya mata aminiyarta na shan wahala kowane wata kuma ba ta yarda a yi mata zancen. Sista ta ce abin da ya fi shi ne mai abin ta riƙa rubuta kwanakinta da kanta. Batula ta ce, “Wannan? Sai ta cinye ni ɗanya.” Ita kuma Batula ba ta yi nisa a makaranta ba, amma babanta mai gadin ruwan tur’a ne, da ƙulli yake ƙirga kwanakin ban ruwan kowace gona. Sai ta yi irin nasa, kullum ƙulli ɗaya bayan na tafi. Ranar lafiya fari. Ranar da na zo da faɗa ko kuka, baƙi. Ranar da aka kira azahar ban tashi salla ba, ja. Ƙyallen kuwa don ta gane ta ina zaren ya fara ne.

Sannan, jama’a, ta fara karanta ni. A gaban mata arba’in da dangin ango.

“Wannan baƙin, ranar da kika ce na yi miki dariya da hanci. Wannan, ranar da kika yi kuka don akuyata ta kalle ki. Wannan, ranar da kika mayar min da ludayina kika ce kowa ya riƙe nasa. Ku ƙirga, goma. Sai ja biyar. Sai fari, fari, fari, ga ranar zalabiya nan. Sai baƙi ya dawo, goma. Sai ja. Wata uku bai saɓa ba. Yanzu muna baƙi na tara, na yau ma ban ɗaura ba tukuna, kuma ban san ko zaren gidan nan zai ishe shi ba. Gobe ko jibi ja zai zo.”

Wata ta fara tuntsirewa a baya, sai gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Gwaggo Hauwa, surukata da na zaci za ta rufa min asiri, ta ce, “Yo ashe lissafi ne da abin! Ni dai na san in na ji tana shara kamar za ta fasa ƙasa, sai in kaɗa kajina ɗaki.” Wata tsohuwa cikin dangin ango ta matso ta kama zaren tana dubawa, ta ce, “Ɗiyata, in kin samu sarari ki ƙulla min guda, akwai matar ɗana da nike son a auna.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Awartakin na nan a hannuna, na rasa inda zan ajiye shi. Batula kuwa ba ta yi dariya ba. Ta matso kusa ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, “Duk abin da kika faɗa min shekara da shekaru na shanye. Amma ki yarda zan bari a sa miki abu a gahawa? Ni?” Ta juya ta koma wurin turmi.

Na juya zan gudu gida. Ban yi taku uku ba na ji mutum ya rungumo ni ta baya, an naɗa min wani mayafi a ƙugu. Sista Ihlas ce. Ta cire tob ɗinta, wannan dai labulen asibitin, ta rufe min baya da shi, ta raɗa min a kunne, “Ma’alesh, yi tafiyarki a hankali, ina bayanki.” Ashe Batula ta yi kuskuren lissafi da kwana ɗaya. Ja ya riga ya iso, kuma farin tob ba ya riƙe sirri. Haka matar da na kira matsafiya a bainar jama’a ta raka ni har ɗakina tana kare ni da jikinta.

Kwana biyu bayan nan kaina ya washe sarai, kamar yadda ya saba, sai kunya ta zo ta zauna min a ƙirji. Na leƙa katanga na ga an rataya tabarma an toshe wurin da muke wucewa. Shekara goma sha takwas ko mayafi ba a taɓa ratayawa a wurin ba. Nan na san abin ya wuce zalabiya. Biki ma daga nesa na yi shi, na je na yi wa amarya Allah sa alheri na dawo, Batula ta amsa gaisuwata kamar ta kowa.

Na wanke tob ɗin Sista, na turara shi, na kai mata ɗakin shan magani. Na fara jero ban haƙuri, ta ɗaga hannu ta ce, “Kalas, ya wuce. Zauna.” Ta gaya min abin da ke damuna ba hauka ba ne, ba iska ba ce, ba kuma mugun hali ba. Ta ce mata da yawa kan ji sauyi kafin al’ada, amma akwai waɗanda nasu ke tsananta har ya hana su zaman lafiya da mutane, likitoci sun san shi, kuma ana maganinsa. Na ce, “To ba ni maganin yanzu.” Ta yi dariya ta ce, “Wannan sai mun je Madani wurin daktora. Amma akwai ciwon da ya fi gaggawa, yana bayan tabarma, kuma maganinsa ba ya cikin akwatina.”

Washegari da hantsi na ɗauki turmina na zagaya ta ƙofar gida, na yi sallama kamar baƙuwa. Batula na rumfa tana soya gahawa. Ta amsa ba ta ɗago ba. Na zauna a ƙasa, ban hau kujera ba. Na ce, “Ƙawa, na yi laifi. Ba zan ce ciwo ne ya sa ni ba, don bakina ne ya faɗa. Ki yafe min.” Ta juye min gahawar a turmi, na daka, ta dafa. Ta zuba bikir a finjalin farko, ta ɗago shi, na fara miƙa hannu. Sai ta kai bakinta ta kurɓa, ta lumshe ido, ta shanye tas.

Ta ce, “Kai! Ashe haka yake da daɗi. Shekara goma sha takwas ina ba ki, ko sau ɗaya ba ki ce in ɗanɗana ba.”

Na fashe da kuka da dariya a haɗe, ita ma haka. Ta shiga ɗaki ta fito da zaren ta jefa min a cinya ta ce, “Daga yau ke za ki riƙa ƙulla abinki, na gaji.” Kafin azahar ita da kanta ta yaye tabarmar.

Mu uku muka shiga mota zuwa Madani. Daktora ta tambaye ni ko na rubuta kwanakina, na fito mata da zare daga jaka. Ta juya shi, ta ƙirga, ta ce ta ga masu kawo littafi da masu kawo waya, amma ba ta taɓa ganin mai kyau kamar wannan ba. (Batula ta yi ta fankama har muka dawo gida.) Ta sa aka duba jinina don a tabbatar ba wani ciwon ne ya ɓuya ba. Ta tambaye ni kai tsaye ko nakan ji ba na son rayuwa, na gaya mata zancen bakin tur’a a gaban Batula, wadda ta riƙe min hannu har ya yi zafi. Daktora ta ce duk ranar da na sake jin haka kada in zauna ni kaɗai, in gaya wa wani a ranar, a kawo ni. Ta rubuta min ƙwayar da zan riƙa sha mako biyu kafin al’ada, ta ce in dawo ta ga yadda ta karɓe ni. Watan farko na yi ta tashin zuciya har na so in watsar, Sista ta hana, ta ce in koma a gyara min. Daktora ta kuma ce in riƙa tafiyar ƙafa, in samu barci, in sha madara, in rage gishiri. Sannan ta kawo wadda ta fi ƙwayar ɗaci: a kwanakin baƙi in rage gahawa, musamman mai ƙarfi.

Ba zan ce na warke sarai ba. Amma baƙin ƙulli ya sauko daga goma zuwa uku ko huɗu, su ma ba su kai na da duhu ba. Maigida ya koyi leƙa zaren a jikin ƙusa kafin ya yabi miya. Da la’asar ni da Batula mukan taka bakin tur’a har gadar ƙarfe mu dawo. Na kuma kafa wa kaina doka: in ina kwanakin baƙi ba na yanke wa kowa hukunci. Duk abin da ya ɓata min rai sai in ce ya jira ja ya wuce, in yana nan da nauyinsa sai a yi magana. Cikin goma da ƙyar ɗaya ke kai labari.

Yanzu a kwanakin baƙi soɓo ake dafa min, bikir kuwa Sista ake ba, ni da kaina na ce a ba ta. Sai dai ran nan na makara, na tsallako na tarar Batula ta riga ta miƙa mata finjalin farko suna ta dariya. Na ji abin nan ya taso min. Na ce wa zuciyata, “Kwanta, baƙi ne.” Na koma ɗaki na duba zare don in tabbatar. Fari ne tas, saura kwana goma sha biyu ma kafin baƙi ya leƙo. Na tsaya ina kallonsa, na ce to, ashe wannan kishin nawa ne na kaina, daktora ba ta da ƙwayarsa. Na ɗauki turmina na koma na karɓi finjali na biyu, na sha. Amma washegari tun kafin Batula ta hura gawayi ina kan kujerata.